Abu Kaɗan Ke Tunzura Maigidana, Kuma Kullum Ni Ce Mai Laifi

Wata baiwar Allah ta aiko da wasiƙa daga Zariya, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga taƙaitaccen abin da ta rubuta:

"Shekararmu 9 da aure, 'ya'yanmu uku. A waje maigidana mutum ne mai fara'a da kyauta, kowa yabonsa yake yi, amma a gida abu kaɗan ke tunzura shi. Idan abinci ya yi jinkirin minti goma, ko aka ɗauke wuta yana kallon labarai, ko yaro ya zubar da shayi, sai gidan ya hargitse, ya ce an raina shi, ba a san darajarsa ba. Da aka yi wa abokin aikinsa ƙarin girma, kwana biyu bai ci abinci ba, yana cewa haɗa baki aka yi saboda ana baƙin cikin basirarsa. Idan na nuna masa kuskure, ko da a lissafin cefane ne, sai ya ce na koma bayan maƙiyansa, ya daina yi mini magana har mako guda. Washegarin faɗa kuma sai ya rantse bai faɗi abin da na ji da kunnena ba, har na fara shakkar hankalina. Sau biyu ya ce in tafi gidanmu, sau ɗaya ya rotsa wayata da bango. Mahaifiyata ta ce in ƙara haƙuri, surukata ta ce sammu aka yi masa. Ni ce nake jawowa? Kuma mai irin wannan hali yana canzawa?"

'Yar'uwa, Allah ya sassauta miki, ya saka miki da alheri a kan ɗawainiyar da kike yi. Tambayarki ta farko ita ce mai saurin amsa, domin amsar tana cikin wasiƙarki. Ba ke kike ɗauke wuta ba, ba ke kika yi wa abokin aikinsa ƙarin girma ba, amma duk da haka fushin da ya yi a kan waɗannan abubuwa iri ɗaya ne da wanda yake yi idan tuwo ya yi jinkiri. Fushin da ke tashi ko kina ciki ko ba kya ciki ba zai yiwu a ce ke ce tushensa ba. Kina iya yin kuskure kamar kowace matar aure, kuma na tabbata kina yi, sai dai kuskuren minti goma ba ya haifar da gabar mako guda face akwai wani abu a zuciyar mai gabar da ya riga kuskuren zuwa.

Wannan abu shi ne nake so mu tsaya a kansa, domin idan kika gane yadda yake aiki, za ki daina ɓarnatar da ƙarfinki a inda ba ya amfani. Wani masanin halayyar ɗan'adam ɗan Amurka mai suna Albert Ellis, wanda ya assasa hanyarsa ta jinyar tunani a birnin New York a shekarar 1955, ya yi bayanin cewa tsakanin abin da ya faru da mutum da fushin da ya biyo baya akwai mataki na uku da ba a cika lura da shi ba, wato abin da mutumin ya gaya wa kansa game da abin da ya faru. Mutum biyu na iya maƙalewa a cunkoson motoci guda, ɗaya ya ce a ransa abin ba daɗi amma zai wuce, ɗayan ya ce bai kamata irinsa ya tsaya jira ba, kuma ba zai iya jurewa ba. Ellis ya kira halin na biyun ƙarancin juriya ga takaici, ya kuma nuna cewa yana tsaye ne a kan kalmar "dole": dole in yi fice a komai, dole mutane su bi da ni yadda nake so, dole al'amura su tafi daidai da burina ba tare da jinkiri ba. Mai cewa "na fi son" yana jin haushi idan bai samu ba, sannan ya ci gaba da harkarsa. Mai cewa "dole" kuwa yana ganin an karya masa doka ne, kuma duk inda aka karya doka sai an nemo mai laifi. A gidanku, wanda ya fi kusa kuma ya fi sauƙin ɗora wa laifin ke ce.

Ƙarancin juriya shi kaɗai ana samunsa a mutane da yawa, har da masu kirki waɗanda sukan huce su ba da haƙuri kafin a yi sallar isha'i. Abin da ya ja hankalina a wasiƙarki shi ne kalmomin da maigidanki yake amfani da su: an raina ni, ba a san darajata ba, ana baƙin cikin basirata. Kowane takaici a wurinsa yana komawa batun matsayinsa. Wannan ya yi kama da ɗabi'ar da likitocin ƙwaƙwalwa ke kira nasisizim, wato matsanancin ji da kai da ganin fifiko a kan kowa. Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sanya mafi tsananin nau'insa cikin jerin cututtukan ɗabi'a tun 1980, kuma a ƙa'idarta akwai alamomi 9 waɗanda sai an samu aƙalla 5 a tare da mutum, tun daga farkon girmansa kuma a fagage daban-daban na rayuwarsa, kafin a ce yana da cutar. Daga cikinsu akwai kambama kai, da ƙishirwar yabo, da ganin ya cancanci kulawa ta musamman, da rashin damuwa da abin da wasu ke ji, da hassada ko zaton ana yi masa hassada. Yanke wannan hukunci aikin likita ne da ya zauna da mutumin, saboda haka kada ki ɗauki sunan ki jefe shi da shi a tsakiyar faɗa, domin babu abin da hakan zai ƙara sai wuta. Amfanin sanin sunan a gare ki shi ne ki fahimci cewa abin da kike gani sananne ne, an yi nazarinsa, kuma yana da tsarin da ake iya hasashensa.

Mutane kan ɗauka mai ji da kai zuciyarsa a dake take, alhali a mafi yawan lokuta darajar da yake ba kansa ba ta iya tsayawa da ƙafarta sai ana tallafa mata daga waje a kowace rana. Kamar mai gyambo ne a ƙafa: abin da mai lafiya zai goga ya wuce bai ma ji ba, shi idan ya taɓa shi sai ya yi ihu, ya kuma rantse da gangan aka taka shi. Heinz Kohut, likitan da ya yi aiki a Chicago, ya yi rubutu a 1972 a kan irin wannan fushi, inda ya nuna cewa yana tasowa ne daga jin an muzanta mutum, shi ya sa girmansa ba ya daidai da girman laifin, kuma ba ya lafawa sai mai shi ya ga ya rama. A 1998 wasu masana biyu, Brad Bushman da Roy Baumeister, sun gwada hakan a kan ɗaliban jami'a a Amurka. Sun sa kowa ya rubuta ɗan gajeren insha'i, aka yabi na wasu aka kushe na wasu, sannan aka ba kowa damar sakar wa wanda yake zaton shi ya duba rubutun ƙara mai tsanani a kunne. Waɗanda suka fi kowa tsananta ramuwa su ne masu yawan ji da kai da aka kushe rubutunsu. Ki lura da wannan sosai, domin shi ne bayanin abin da ke faruwa idan kika gyara masa lissafin cefane: ke kina magana a kan naira ɗari biyu, shi kuma yana jin an ce masa bai isa ba.

Daga nan ne karkataccen tunani yake shigowa, domin zuciyar da ba za ta iya ɗaukar kuskure ba sai ta lanƙwasa gaskiya har ta dace da ita. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Pennsylvania, ya fayyace irin waɗannan karkace-karkacen tun a shekarun 1960, kuma kusan duk wanda ya shafe ki yana cikin labarin da kika bayar. Idan ya ce kin koma bayan maƙiyansa saboda kin saɓa masa a abu guda, tunanin fari ko baƙi ne, wanda ba ya barin gurbi ga mutumin da ke ƙaunarka kuma yake ganin ka yi kuskure. Idan yaro ya zubar da shayi ya ce an raina shi, ya mai da tsautsayi saƙon da aka aiko masa shi kaɗai. Idan ya tabbatar da cewa baƙin ciki ya sa aka tsallake shi a wurin aiki, ya karanta zukatan mutane ba tare da hujja ba, kuma ya zaɓi karatun da zai kare shi daga tambayar ko abokin aikin ya fi shi ƙwazo. Mafi wahalar sha'ani a cikinsu shi ne mai da ji ya zama hujja: tun da na ji zafi, to lallai an cuce ni, kuma yawan zafin shi ne ma'aunin girman cutar. Mai wannan tunani ba a kayar da shi da dalili a lokacin da yake tafasa, saboda duk dalilin da kika kawo ƙarin zafi ne, ƙarin zafi kuma a wurinsa ƙarin shaida ne a kanki.

Batun musun abin da ya faɗa shi ne ya fi tayar mini da hankali. Wani lokaci mai irin wannan hali ƙarya yake yi da saninsa don ya kuɓuta, wani lokaci kuma ya riga ya sake tsara labarin a ransa har ya gaskata shi, tun da siffar mutumin da ya zagi matarsa a gaban 'ya'yanta ba ta dace da yadda yake kallon kansa ba. Ko wanne ne, illarsa a gare ki ɗaya ce, kuma kin riga kin ambace ta da kika ce kin fara shakkar hankalinki. Ina roƙonki ki samu ɗan littafi ki ajiye inda ba zai gani ba, ko ki bar shi a wurin 'yar'uwar da kika amince da ita, ki riƙa rubuta rana da abin da ya faru da kalmomin da aka faɗa, a taƙaice, ba tare da sharhi ba. Ba don ki buɗe masa shi a faɗa na gaba ba. Don ke kanki ne, domin duk ranar da aka ce miki mafarki kika yi, ki duba ki ga rubutun hannunki, kuma don ranar da manya za su zauna a kan lamarinku.

Game da maganar surukarki, addu'a da karatun Alƙur'ani alheri ne a kowane gida, kuma ba zan hana ki su ba. Sai dai ki dubi abu guda da idon basira: maigidanki ba ya rotsa wayar shugabansa a ofis, ba ya gaba da limamin unguwa, kuma idan baƙi suka yi sallama a tsakiyar faɗa na tabbata muryarsa tana sauka nan take. Mutumin da ke iya zaɓar inda zai saki fushinsa da inda zai danne shi yana da iko a kan fushin, ko da ikon yana yi masa wuya. Danganta abin ga sammu yana yi wa uwa daɗi domin ya wanke ɗanta, amma yana ɗauke nauyin gyara daga wuyan mutum guda da zai iya gyarawa. Addininmu ma bai ɗauke masa wannan nauyi ba. A hadisin da Muslim ya ruwaito, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da wulaƙanta mutane, kuma a wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce mai ƙarfi shi ne wanda ke mallakar kansa a lokacin fushi.

Mahaifiyarki kuma gaskiya ta faɗa a kan falalar haƙuri, amma ya kamata a bambanta haƙuri da wani abu da ke kama da shi. Na hango daga wasiƙarki cewa kin shekara da shekaru kina riga kowace matsala isa gabansa, kina kore yara ɗaki idan kin ji ƙarar motarsa, kina haɗiye gaskiya, kina ba da haƙuri a kan abin da ba ki yi ba don a zauna lafiya. Da wannan hanya tana magani, da ta yi a cikin shekara 9. Juriya ga takaici da gwaji take ƙaruwa, wato mutum ya gamu da abin da ba ya so, ya ji zafinsa, ya ga bai mutu ba. Duk lokacin da aka kawar masa da takaicin kafin ya iso, ko aka biya fushinsa da lallashi da amsa laifi, darasin da ya koya shi ne dokarsa daidai ce kuma tsawa tana aiki. Ban faɗi haka don in mai da laifin kanki ba, domin duk wanda ke zaune da mai faɗa hanyar tsira yake nema. Na faɗa ne don ki sauke wa kanki aikin da ba ya ƙarewa, tun da babu matar da za ta iya hana wuta ɗaukewa ko yara yin ƙuruciya.

Abin da ya rage a hannunki shi ne yadda kike amsawa. Idan ya hau, kada ki shiga muhawara a kan wane ne ya ce me, kuma kada ki amsa laifin da ba naki ba. Kina iya cewa cikin ladabi, "Na ga ranka ya ɓaci, Allah ya huci zuciyarka, idan ka huce sai mu yi magana," sannan ki janye zuwa wani ɗaki tare da yara. Wannan magana ta amince da ɓacin ransa ba tare da ta amince da fassararsa ba, kuma bambancin yana da girma. Idan kin yi kuskure na gaske, ki ba da haƙuri sau ɗaya a kan abin da kika yi daidai girmansa, kada ki bari a faɗaɗa shi ya zama shari'ar halinki gaba ɗaya. Idan ya shiga gaba, ki ci gaba da gaishe shi da sauke haƙƙinsa na abinci da sauransu, amma ki bar bin sa da roƙo da kuka, domin su ne ribar da gabar ke nema. Maganar gyara kuwa a lokacin natsuwa ake yin ta, ku biyu kaɗai, a kan abu guda takamaimai, kamar ki ce zagi a gaban yara yana cutar da su kuma ba za ki tsaya a wurin ba idan ya sake faruwa. Ki shirya wa cewa a farkon wannan sauyi fushin na iya ƙaruwa kafin ya ragu, saboda mutum yakan ƙara matsa hanyar da ta saba yi masa aiki idan ya ga ta fara ƙi.

Saboda wannan ne batun wayar da ya rotsa ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Fasa kaya a cikin fushi gargaɗi ne, kuma idan ya kai ga duka, ko shaƙe wuya, ko barazana da makami, ko taɓa lafiyar yara, to duk shawarar da na bayar a sama ta koma baya, abin da ke gaba shi ne ki fita da 'ya'yanki zuwa inda kike da aminci. Tun yanzu ki sanar da waliyyinki ko babban yayanki halin da ake ciki dalla-dalla, ki ajiye takardunki da na yara da ɗan abin hannu a wurin da za ki iya kai wa gare su. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihar Kaduna ta amince da irinta, ta haɗa da cin zarafi na baki da na zuciya, kuma ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da kotunan shari'ar Musulunci ƙofofi ne da ake bugawa. Furucinsa na "tafi gidanku" kuma kada ki yanke masa hukunci da kanki, kada ki bar shi ya yanke shi kaɗai da musu. Ki kai ainihin lafazin gaban malamin fiƙihu amintacce ko alƙali, domin matsayin igiyar aure ba abin da ake bari cikin shakka ba ne.

Idan za a yi sulhu, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara a kawo mai hukunci daga danginsa da mai hukunci daga danginki. Ki kula da wanda za a zaɓa. Mutumin da kowa ke yabo a waje yakan yi nasara a zaman sulhu, ya yi magana mai daɗi, ya kawo aya da hadisi, a tashi ana ganin matar ce mai ƙorafi. A nemi dattijon da yake jin nauyinsa kuma ba ya cin abinci a hannunsa, ke kuma ki je da abubuwan da suka faru da ranakunsu maimakon ki ce kawai yana da faɗa, sannan ki roƙi a tsayar da sharuɗɗa bayyanannu da ranar da za a sake zama a duba ko an cika su.

Saura tambayarki ta biyu. Hausawa na cewa hali zanen dutse, kuma a kan wannan ɗabi'a maganar ta kusa gaskiya, ko da yake ba ta cika ba. Babu ƙwayar magani da ke cire ji da kai. Abin da ke taimakawa shi ne zama da masanin halayyar ɗan'adam na tsawon lokaci, inda mutum zai koyi kama "dole" ɗinsa kafin ta zama tsawa, ya koyi zama da kunyar kuskure ba tare da ya jefa ta kan wani ba. Cikas ɗin shi ne jinyar tana bukatar ya yarda akwai abin gyarawa a tare da shi, wanda shi ne ainihin abin da ɗabi'ar ke gudu, shi ya sa da yawa ba sa zuwa sai sun yi babban rashi, kamar aiki ko aure, kuma wasu sukan bari a tsakiya. Waɗanda suka daure sukan samu sauƙi, musamman ta fuskar riƙe fushi. Ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce ta lafiyar jiki: a ce ya je a duba hawan jini ko rashin barci, kuma hakan yana da amfani na gaske, domin ciwon damuwa, da shan ƙwayoyi irin su tiramadol, da wasu cututtukan jiki duk suna ƙara saurin fushi. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, haka nan akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna. Zai fi karɓuwa idan shawarar ta fito daga bakin namijin da yake girmamawa.

Ko ya yarda ko bai yarda ba, ke kina iya zuwa don kanki, kuma ina ganin ya kamata, domin shekara 9 na zaman ɗar-ɗar suna barin alama a barci da zuciya. Ki kuma zauna da yaran, musamman wanda ya zubar da shayin, ki gaya musu ba tare da kin aibata mahaifinsu ba cewa zubar da abu kuskure ne da ake gogewa, kuma fushin Baba ba laifinsu ba ne. Wajen auna ko maigidanki yana canzawa, kada ki dogara da kyautar atamfa bayan faɗa ko rantsuwar ba zai sake ba. Ki duba ko ya taɓa cewa "na yi kuskure" ba tare da ya biyo da "amma ke ma" ba, ko tazarar da ke tsakanin faɗa da faɗa tana ƙaruwa, ko ya je wurin likitan ya kuma koma. Ki sa wa kanki wa'adi na wasu watanni tare da waliyyinki, idan ya cika ku zauna da littafin nan ku duba abin da aka rubuta a ciki, sannan ku yanke shawarar mataki na gaba.